Tabon da ba ya jin auduga

Ƙannena da ke fara aiki a asibitocin karkara, babban kuskurenmu, mu da muka riga ku, shi ne ɗaukar duk wani tabo mai haske a fata a matsayin kyasbi ko makero. Mukan ba da man shafawa, bayan shekara biyu mutum ya dawo yatsunsa sun fara lanƙwashewa. Gwajin kuturta kuwa ba ya cin minti biyu. A murza auduga ta yi tsini, a sa mutum ya rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata, sannan tsakiyar tabon, ya nuna da yatsa inda ya ji. Tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma bai ji audugar ba, a ɗauke shi kuturta har sai an tabbatar ba ita ba ce. A kuma lalubi jijiyar bayan gwiwar hannu, ko ta yi kauri ko tana zafi.

Tabo 1 zuwa 5, in cutar ba ta taɓa jijiya ba, magani na wata 6 ne. In ya haura 5, ko cutar ta taɓa jijiya, wata 12. Ƙwayoyin uku ne, rifampicin da dapsone da clofazimine, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Inda muka yi sake shi ne bayani. Rifampicin na mayar da fitsari ja, clofazimine na sa fata ta yi duhu. Matar da ba a gaya wa haka ba, ranar da kishiya ta ce "Yaya, me ya sami fuskarki?" ranar za ta jefa maganin a masai. Ku faɗa mata tun ranar farko cewa duhun zai washe bayan an gama.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda muka riƙa ja da baya, muna ambaton sunan cutar da ƙarfi a gaban layi. Alhali ba gado ba ce, ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya. Sai an daɗe ana shaƙar numfashin wanda bai fara magani ba, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu na kashe ƙwayar cutar da kansa. Wanda ya fara magani ya daina yaɗawa. Ku miƙa masa hannu jama'a na kallo, ku ce "Baba, shigo daga ciki," sauran magana sai an rufe ƙofa.

Yatsu ba sa guntulewa da kansu. Hannun da ba ya ji ne ke ɗaukar tukunya mai zafi, ƙafar da ba ta ji ke yini da tsakuwa a takalmi har gyambo ya ci ƙashi. Kullum a jiƙa ƙafa a ruwa mara zafi minti 20, a goge fatar da ta yi kanta da dutse a hankali, a shafa basilin tun ba ta bushe ba, a zazzage takalmi kafin a sa. Idan tabo ya kumbura ya yi ja, ko jijiya ta fara zogi, ko ido ya ƙi rufuwa, kada a tsayar da magani. A tura mutum wurin likita a ranar, domin jijiyar da aka bari ta wuce wata 6 da wuya ta farfaɗo.