Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Tambayar da Yaya Ta Yi Mini

A makon jiya na tsaya a inda mijina ya karɓe wayata, ya ce matar aure ba ta da abin ɓoyewa. Sauran abubuwan a hankali suka biyo baya. Albashina ya koma hannunsa, wai don kada in ɓarnatar. Ƙawayena kowacce ya samo mata aibi. In na je gaida Mama, kira ba ƙaƙƙautawa har sai na tashi. Duk tsawon lokacin nan bai taɓa ɗaga mini hannu ba, don haka da wani ya ce ana cin zarafina, dariya zan yi masa. Kishi na ɗauka.

Duka daga baya ya zo, kuma kullum washegari sai kuka da rantsuwa. Ranar da ya shaƙe ni har na ga duhu, da safe na naɗe wuyana da mayafi na tafi aiki.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Muryata ta ji ta dushe, ta janye mayafin ba tare da ta ce uffan ba. Na zata za ta ce in yi haƙuri, ko in kwaso kayana yanzu-yanzu. Sai ta ce, “Ƙanwata, kina jin tsoronsa?”

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na fashe da kuka.

“Yaya, ni ce nake ɓata masa rai.”

“Ɓacin rai ba ya shaƙe mutum,” in ji ta. Ta ce a aikinsu shaƙa na cikin alamun da suka fi tsoro, domin tana iya yin illa a ciki ko ba tabo a waje, kuma mai yin ta ya kusanci kisa. Ta ce in daina ganin ni kaɗai ce: ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta nuna kusan mace 1 cikin 3 ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i.

Ta kai ni likita ya rubuta abin da ya gani. Ta ɗauki hoton wuyana a wayarta, ta karɓi takardun makarantata ta adana. Muka tsayar da wata kalma da zan faɗa in ina cikin haɗari. Ta gargaɗe ni kada in furta masa zancen tafiya, domin lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci haɗari.

Daren nan gidansa na koma, Yaya kuwa ba ta yi fushi ba. Mako mai zuwa za ku ji yadda ya gano takardun ba sa cikin akwati.