Yini Guda a Kisite da Tsibirin Wasini

Aiki ne ya kai ni Mombasa a watan Fabrairu, kuma da muka kammala taron da ya tara mu, sai wani abokin aikina ɗan Kenya ya dage cewa lallai in ga Wasini kafin in koma gida. Na gaya masa gaskiya cewa ni mutumin tudu ne, ban iya iyo ba, kuma ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne madatsar Tiga. Dariya kawai ya yi, ya ce in shirya bayan sallar asuba.

Gari bai gama wayewa ba muka tsallake ta jirgin fito na Likoni, muka miƙi hanyar kudu wadda ta nufi iyakar Tanzaniya, muka wuce Ukunda da Msambweni, sannan muka ratse ta wajen gonakin raken Ramisi zuwa Shimoni. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, yawancinta a cikin gundumar da ake kira Kwale, sunan da ya sa ni murmushi ganin cewa kwale-kwale muka nufa. Sunan Shimoni daga kalmar Suwahili "shimo" ya fito, wato rami, saboda kogon dutse da ke ƙarƙashin garin. Masu kula da wurin sun nuna mana ƙarafa da suka yi tsatsa a jikin bango, suka ce nan ake tsare bayi kafin a loda su zuwa kasuwar Zanzibar, wadda aka rufe a 1873. Ban daɗe a ciki ba, domin warin jemagu da nauyin labarin sun ishe ni.

A bakin gaɓa muka biya kuɗin shiga na hukumar kula da namun daji ta Kenya, muka hau jirgin katako irin wanda suke kira jahazi, mai filafilai da kuma inji. Shugaban jirgin, wanda suke kira nahoda, dattijo ne mai ƙarancin magana, amma da ya ga yadda na ƙanƙame rigar ceto sai ya matso kusa da ni yana yi mini bayani, abokina yana fassarawa. Gandun ruwan da muka nufa, wato yankin teku da hukuma ke karewa, wanda aka kafa tun cikin shekarun 1970, kashi biyu ne: Kisite, mai faɗin murabba'in kilomita 28, inda aka haramta kamun kifi ɗungurungum, da Mpunguti, mai murabba'in kilomita 11, inda aka yarda masunta su yi su irin na gargajiya. Na tambaye shi, "Baba, masunta ba su ji haushin hana su wuri mafi albarka ba?" Ya ce sun ji, har yanzu ma akwai masu gunaguni, amma kifi bai san iyakar gwamnati ba; idan ya hayayyafa a Kisite ya cika wurin, sai ya fantsamo inda komarsu take.

Muna cikin wannan magana wani yaron jirgi ya yi ihu yana nuni da hannu. Dolfin ne, kusan guda shida, suna fitowa suna nutsewa a jere, bayansu launin toka yana sheƙi. Har sautin numfashinsu muna ji, domin ba kifi ba ne, dabba ce mai shaƙar iska mai shayar da 'ya'yanta nono. Nahoda ya rage wutar inji, ya ƙi bin su kamar yadda wani jirgin da ke gefenmu ya yi, kuma a ganina shi ne ya yi daidai.

Kisite kanta ɗan tsibirin dutse ne da babu mai zama a kansa sai tsuntsayen teku, kuma idan ruwa ya janye sai farin rairayi ya bayyana a gefensa. Nan aka ce kowa ya shiga ruwa. Na so in noƙe, amma yaron jirgin ya ɗaura mini tabarau mai bututun numfashi, ya ba ni wata robar ceto mai kama da taya in riƙe, ya ce shi zai riƙa jan ta. Karon farko da na tsoma fuskata na kwankwaɗi ruwan gishiri har sai da na yi tari, a karo na biyu kuwa na manta da tsoro gaba ɗaya. Ni dai murjani a wuyan amare na san shi. Ban taɓa sanin cewa akwai irinsa da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku ba, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa, kuma wai duk ƙananan halittu ne masu rai suka gina su sannu a hankali. Wani kifi kore da shuɗi mai baki kamar na aku ya zo dab da ni yana gurgurar dutsen, ina jin ƙarar haƙoransa a cikin ruwa ƙaras-ƙaras, daga baya kuma ya saki farar ƙura ta bayansa. Abokina ya ce da irin wannan ƙura ake samun wani ɓangare na farin rairayin da muka taka. Akwai kuma wuraren da murjanin ya mutu ya zama kango, domin ba ya jure ɗumamar ruwa, kuma zafin da teku ta yi a 1998 ya kashe mai yawa a gaɓar Kenya.

Bayan azahar muka juyo Wasini. Ruwa ya janye, saboda haka ƙaramin kwale-kwale ya rage mana hanya, sauran kuma muka naɗe wando muka taka. Tsibirin ƙarami ne, babu mota ko ɗaya, sai 'yan hanyoyin ƙafa tsakanin gidajen da aka gina da dutsen murjani, ga awaki, ga yara sanye da hula da hijabi suna dawowa daga makarantar allo, ga kuma manyan itatuwan kuka da suka sa na ji kamar ina wani ƙauye a ƙasar Katsina. Aka kawo mana shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da kifi, da ciyawar teku da aka yi wa miya, da ƙaguwa tare da ɗan katakon fasa ta. Kifin na cinye tas, ƙaguwar kuwa na bar wa abokina. Daga nan muka bi wata gadar katako da ƙungiyar matan garin ke kula da ita, wadda ta ratsa tsakanin tsofaffin duwatsun murjani zuwa cikin itatuwan mikoko masu tsirowa a ruwan gishiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a masallaci ya faru. Na zo alwalar la'asar ina kwarara ruwa yadda na saba, sai na lura wata tsohuwa da ke wucewa da tulu ta tsaya tana kallona. Abokina ya raɗa mini cewa tsibirin ba shi da kogi, kuma in an haƙa rijiya gishiri ake tararwa, don haka ruwan sama suke tarawa a manyan tankunan siminti, idan ya ƙare kuma sai a sayo a jarkoki daga Shimoni. Tun safe ina tsoron kada ruwa ya cinye ni, ashe mutanen da ke zaune a tsakiyarsa lissafin kowace moɗa suke yi, kamar yadda kakata take yi a ƙarshen rani. Na ce mata, "Mama, a yi haƙuri," ta yi murmushi ta wuce. Na ƙarasa alwalar da abin da ya rage a butar, ya kuma ishe ni har da wanke ƙafa.

Kafin mu fito teku ta dawo ta rufe inda muka taka da rana, kwale-kwalen ya zo har bakin matakala ya ɗauke mu. Muna tsakiyar mashigar aka kira magariba, muna jin ladanin Wasini a bayanmu da na Shimoni a gabanmu.