Daga Unguwa Uku zuwa Samaru: bin sawun tsofaffin ɗaliban ABU da suka riga mu gidan gaskiya

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta yanke shawarar buga ɗan littafin tunawa da 'yan'uwanmu da suka rasu, aka ɗora mini aikin tantance tarihin kowane mamaci. Abin da aka miƙo mini tarin saƙonnin ta'aziyya ne da aka kwaso daga WhatsApp da Facebook. Wanda ya saba da irin rubutun nan ya san halinsa: wannan ya kwafa daga wancan, kuskuren na farko ya bi kowa. Sai ka ga mutum ɗaya an ba shi shekarar gama karatu kala-kala. Gyaran wannan sai an taka zuwa Zariya.

Na shiga mota a tashar Unguwa Uku da sassafe. Muka wuce Kura, Ciromawa, Kwanar Dangora da Tashar Yari, na sauka a Kwangila, na hau bas mai bin hanyar Funtuwa zuwa Samaru. Mai niyyar irin wannan aiki ya zo tsakanin Litinin da Alhamis, domin ranar Juma'a hankalin kowa na kan masallaci tun hantsi. Ya riƙo katin shaida da takardar gabatarwa daga ƙungiyarsa ko daga iyalan mamaci, kuma ya bincika tun daga gida ko ana hutu ko yajin aiki.

Tambayar da na fara warwarewa ita ce: wa ma za a kira tsohon ɗalibin ABU? An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna ne uban jami'a na farko, amma ba a kan fili fetal aka gina ta ba. Ta gaji Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Samaru, da Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona, da kuma kwalejin Kano wadda aka sani da Abdullahi Bayero. Saboda haka Rilwanu Lukman, wanda ya riƙe ma'aikatar man fetur kuma ya yi babban sakataren OPEC kafin rasuwarsa a Biyana a 2014, ɗalibin tsohuwar kwalejin Samaru ne. Digirinsa na haƙar ma'adinai a Landan ya samo shi. Haka su Uche Okeke da Yusuf Grillo, masu zanen da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958. A ɗaya gefen kuma, wanda ya yi karatu a Kano tun kwalejin tana ƙarƙashin ABU, shaidarsa ta ABU ce, domin sai 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta. Masu rubuta ta'aziyya sukan juya abin, su ba na farko digirin da bai yi ba, su hana na biyu wanda ya yi.

Zangona na farko Laburaren Kashim Ibrahim, wajen da ake ajiye kundayen binciken digiri na biyu da na uku. A ganina babu takardar da ta kai kundi amfani ga mai rubuta tarihin mamaci, kuma ba cikin littafin nake nufi ba, shafukan farko nake nufi. Shafin take yana ba ka cikakken suna yadda mai shi ya rubuta da kansa, da sashe, da shekara. Shafin amincewa yana ɗauke da sunan malamin da ya duba aikin da ranar da aka sa hannu. Sai sadaukarwa da godiya, inda mutum kan ambaci iyayensa, matarsa, garinsu, har ma'aikatar da ta biya masa kuɗin karatu. Daga nan kaɗai akan iya gano cewa a wannan shekara yana koyarwa a makaranta kaza. Wani dattijon ma'aikaci da ya ga ina kwafar shekara daga bango ya ce, "Malam, duba ta ciki. Wani lokaci ta bango shekarar ɗinki ce." Gaskiyarsa. Akan miƙa kundi a ƙarshen wata shekara, a kare shi a ta gaba, a yi masa bango daga baya.

Shekaru su ne babban tarko. Akwai shekarar shiga, akwai ta gama jarrabawa, akwai ta bikin yaye ɗalibai, kuma in yajin aiki ya ratsa tsakani sai su yi nisa da juna. Wani lokaci ma a haɗa yaye na zango biyu ko uku a biki ɗaya. Waɗanda suka bi ta makarantar share fage, SBS, iyalansu kan ƙirga daga ranar da suka shigo harabar, alhali digirin daga baya ya fara. Ka'idar da na bi ita ce rubuta shekarar da ke kan takardar shaidar digiri, in ba a same ta ba a duba littafin bikin yaye, wanda ke jera sunaye tsangaya-tsangaya da matakin da kowa ya samu. A ɗauki Umaru Musa 'Yar'aduwa misali, tunda tarihinsa a fili yake: ya shiga 1972, ya gama digirin koyar da kimiyyar sinadarai a 1975, ya yi hidimar ƙasa a Legas, ya dawo Zariya yana koyarwa a kwaleji, ya sami digiri na biyu a 1978. Wanda ya rubuta "ya gama ABU a 1978" bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye shekara uku na rayuwar mutum. Rasuwarsa ma darasi ce: ya cika daren 5 ga Mayu 2010 a Abuja, aka yi jana'izarsa washegari a Katsina, shi ya sa za ka ga wasu sun sa 6.

Abin da ya biyo bayan wannan rasuwa ya shafi wasu 'yan makarantar nan. Namadi Sambo, gwamnan Kaduna a lokacin, wanda ya karanta zanen gine-gine a nan, ya koma mataimakin shugaban ƙasa, mataimakinsa Patrick Yakowa, shi ma tsohon ɗalibin ABU, ya zama gwamnan Kaduna, har haɗarin jirgi mai saukar ungulu ya yi ajalinsa a Bayelsa ranar 15 ga Disamba 2012.

Daga laburare na gangara Sashen Tarihi, inda tarkon suna ya fi fitowa fili. Mahmud Tukur biyu ne, kuma na sha ganin an cakuɗa su. Ɗaya shi ne Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihin da ya rubuta kundin digirinsa na uku kan yadda Turawan Ingila suka mamaye Sakkwato da Barno tsakanin 1897 da 1914, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, aka tsinci gawarsa a hanyar Kaduna zuwa Zariya a 1988. Ɗayan shi ne shugaban Jami'ar Bayero na farko, wanda ya yi ministan ciniki zamanin mulkin soja na Buhari, ya rayu har 2021. In manya irin waɗannan na shiga juna, ina ga Musa Ibrahim ko Aisha Abubakar? Dole a haɗa suna da sashe da shekara, in da hali da lambar rajista. Mata kuma a nemo sunan da suka yi karatu da shi kafin aure, maza a lura da waɗanda suka ajiye sunan gari suka koma na uba. A sashen nan ne kuma ake bambance ɗalibi da malami. Abdullahi Smith malami ne, ba a nan ya yi karatu ba. Yusufu Bala Usman digirinsa na farko a Lankasta ta Ingila ya yi, na ukun ne ya yi a ABU kan tarihin Katsina. Ya yi sakataren gwamnatin jihar Kaduna zamanin mulkin jam'iyyar PRP, ya koma aji, ya rasu ranar 24 ga Satumba 2005.

Na ratsa ta lambun sassaƙe-sassaƙe na Sashen Zane saboda Gani Odutokun, haifaffen Gana, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan har haɗarin mota ya ɗauke shi a 1995. Akwai kuma waɗanda ba su kai ga karɓar shaida ba, ɗaliban da aka harbe a zanga-zangar 1978 da ta Mayun 1986. Babu su a littafin yaye ko ɗaya, sai a jaridun lokacin.

Jaridun ne suka kai ni Kaduna washegari, Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970. A tsofaffin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo ana samun sanarwar naɗi, ƙarin girma da rasuwa. Dabara ɗaya: in ranar rasuwar Musulmi ta ɓace, a nemo sanarwar sadakar arba'in a ƙirga baya, za a faɗa kusa. Na Kirista kuwa ɗan littafin jana'iza yakan ƙunshi tarihinsa duka, sai dai a kula, binnewa kan zo makonni bayan rasuwa. Ranar haihuwa in ka ga 1 ga Janairu, yawanci daga takardar rantsuwar shekaru ta fito, gara a rubuta shekara kawai.

Kafin in kama hanyar Kano na biya gidan ɗaya daga cikin mamatanmu, bayan na aika tun da wuri ta hannun ƙaninsa. Na ce, "Hajiya, Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta." Ta amsa, ta sa aka fito da akwatin takardunsa. Gara ta ci gefe, damshin damina ya manne wasu, don haka ban ɓamɓare komai da ƙarfi ba, kuma ban fita da ko takarda ɗaya ba; na ɗauki hoton gaba da baya da waya a inuwa, na mayar yadda na same su. Na karanta mata abin da na rubuta, ta gyara sunan makarantar da ya fara koyarwa, ta kuma ce a cire maganar ciwon da ya yi jinya. Na cire a gabanta.