Wasiƙa daga Jamus: Kafin a ɗora wa turbo laifi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman iyayenmu na gareji da samari masu son mota. Ina gaishe ku daga kudancin Jamus, da fatan kowa yana lafiya, da iyali da sana'a.

Wata magana da nake yawan ji daga gida ce ta sa na rubuto muku. Da zarar mota mai turbo ta rage ƙarfi ko ta fara hayaƙi, sai a yanke hukunci cewa turbo ta mutu, a nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wata. Wasu ma cewa suke motar turbo ba ta ƙasarmu ba ce. Maganar tana damuna, don sau da yawa turbo lafiyarta ƙalau, kuɗi kawai ake zubarwa.

Motar da nake riƙe da ita a nan tsohuwar Audi TT ce, ƙirar farko da aka fara sayarwa a 1998, wadda ake harhaɗawa a garin Győr na Hungary. Tawa mai ƙarfin doki 225 ce. Injinta shi ne 1.8T, mai silinda huɗu da bawul 20, biyar a kan kowace silinda. Injin nan ba baƙo ba ne a wurinku, danginsa ne ke cikin Golf 4 GTI da Passat da Audi A4 da suka shigo mana ta Kwatano. Don haka abin da zan faɗa ya shafi motocin da ke shiga garejinku.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta baya, ita kuma ta gaba tana cusa iska cikin silinda, iska mai yawa ta ƙone fetur mai yawa, ƙarfi ya ƙaru. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, gefen hayaƙin kuma zafinsa yana haura digiri 800. Babu abin da ke raba wannan sanda da gidanta sai siririn baƙin mai. Ran da man ya yanke ko ya yi datti, ranar ta fara cin kanta.

A kan man nake so mu daɗe. Lokacin da motar ta zo hannuna, wanda ya riƙe ta kafin ni yana jan juye har sai tafiya ta yi nisa, saboda a nan akwai tsarin da ke ba da dama a kai kilomita 30,000 kafin a canza mai. Na sa aka kwance tankin man da ke ƙarƙashin inji don a duba ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Ragar ba ta kai tafin hannu ba, amma fiye da rabinta ya toshe da wani baƙin abu mai tauri kamar ƙanzon tukunya, sai da aka kankare shi da ƙarfe. Wannan ƙonannen mai ne. Idan ragar ta toshe, mai ba ya isa sama, turbo ce ke fara jin jiki, inji ya biyo baya ya buga. Passat da A4 sun fi kamuwa da wannan ciwo, don tankinsu bai ɗaukar mai da yawa kamar na TT da Golf. Ni yanzu ba na wuce kilomita 10,000, da mai 5W-40 na asali wanda ya cika ƙa'idar mai ta kamfanin Volkswagen, wato VW 502 00. A zafin Kano ko Maraɗi da cunkoson gari, gara ma a rage. Man da ake aunawa a galan a bakin titi kuwa, don Allah kada ya shiga injin turbo.

Akwai kuma ɗabi'ar direba. Da safe kada a taka totur da ƙarfi sai inji ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya da gudu, a bar mota ta yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, saboda idan aka kashe nan take man da ke cikin turbo yana tsayawa ya soye a wurin.

To, idan ƙarfi ya ragu fa? Daga tiyo ake farawa. Motar da ta haura shekara 20 robobinta sun bushe, kuma injin nan cike yake da ƙananan tiyo na iska. Na taɓa fama da ita tana jan ƙafa a hawa. Na'urar gwaji ta nuna lamba 17705, wato iska tana ɓacewa tsakanin turbo da maƙogwaron inji. Aka hura hayaƙi cikin hanyar iskar, sai ga shi yana tsartuwa ta wata 'yar tsaga a ƙasan tiyo, wurin da ido ba ya kaiwa sai an sa madubi. Kuɗin tiyon bai kai na cika tanki ba. Bayan tiyo sai a duba bawul ɗin da ke mayar da iska idan an saki totur, don robar cikinsa tana yagewa, sai bawul N75 mai daidaita matsin iska, sai na'urar auna iska da ke bayan filta, sai koyil da fulogi. Idan duk waɗannan lafiya, sannan a cire tiyon gaban turbo a kama fankar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne. Idan tana shiga tana fita, ko fukafukanta sun goge bango, wannan kam ta gama aiki. Ko a nan ma, sabuwar da aka ɗaura ba za ta daɗe ba idan ba a wanke ko canza bututun da ke kai mata mai ba.

Taimin bel ba ya jira. Idan ya tsinke a wannan inji fistin yana dukan bawul, gyara ya koma na kwance kai. A canza shi tare da famfon ruwa a lokaci guda. Ina kuma roƙon iyayenmu makanikai a daina cire tamostat a injin nan. Ƙwaƙwalwar motar tana auna fetur ne da zafin ruwa, idan inji bai kai zafinsa ba sai ta yi ta zuba fetur, ya sauka ya tsinka mai.

Samari kuma na san inda hankalinku yake, ƙarin ƙarfi. Gaskiya ne ana sake rubuta ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta, mai doki 225 ta kai wajen 260 ba tare da an kwance ƙusa ɗaya ba. Daɗin tuƙin ba ya musantuwa. Amma a Jamus duk motar da ta wuce shekara 3 sai ta je gwajin lafiya duk shekara 2, a wurin TÜV, masu gwajin motoci, ko makamantansu, kuma ƙarin ƙarfi sai an duba an rubuta shi a takardar mota, in ba haka ba izinin hawanta titi ya faɗi. Da farko mutum yana ganin takura ce, amma dokar tana tilasta masa ya tuna da birki da taya da kuloci kafin ya tuna da gudu. Ko kamfanin da ya ƙera TT, bayan haɗurran da aka samu a babban gudu a shekarunta na farko, sai da ya kira motocin ya ƙara musu ɗan fiffike a baya, ya gyara ƙafafunsu, ya sa na'urar hana santsi.

Abu na biyu shi ne fetur. Wannan mota an tsara ta ne a kan fetur mai lambar okten 98, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi bai fashe kafin lokacinsa ba, kuma duk wani ƙarin ƙarfi da ake yi a nan da shi ake lissafi. Fetur ɗin gidajen manmu bai kai haka ba, ga iska mai zafi. Ka ƙara matsin iska a kan wannan, fetur ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, fistin ya narke ko kon-rod, sandar da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. Shawarata ga mai irin wannan mota a gida ita ce ya bar ƙwaƙwalwarta yadda ta zo. Buɗaɗɗiyar filtar nan mai sa inji ya yi gurnani ma ban yarda da ita ba a ƙasar da ake hunturu da ƙura, don ƙurar tana shiga kai tsaye ta cinye fukafukan turbo. Haka bawul mai yin "fishhh" da yara ke so: yana zubar da iskar da ƙwaƙwalwa ta riga ta auna, sai fetur ya yi yawa, mota ta riƙa tari.

Wanda zai sayi irinta 'yar Kwatano, ya je da makanikinsa da sassafe a tayar da ita da sanyi. Ya kalli salansa ko akwai shuɗin hayaƙi, ya buɗe murfin mai ya haska ciki da tocila, ya sa na'ura ta karanta lambobi. Ran da ta shigo gida, kafin fenti da rim, a fara da ragar mai da taimin bel.

A gaida mutanen gareji baki ɗaya. Wassalam.

Ɗan uwanku a Jamus