Kabad ɗin kicin: na tsaya a kan mai firam

'Yan uwa masu koyon kafinta, ga inda aikin kabad ɗin kicin ya kwana. An gama awo, filawud ya iso, falle mai santimita 122 a 244, kaurin milimita 18. Abin da ya hana ni ɗora zarto tun farko shi ne zaɓen irin ginin da za a yi, kuma yanzu na yanke shawara.

Iri biyu ne ake ta muhawara a kansu. Akwai mai firam, wanda aka fi yi a Amurka: ka haɗa akwatin, sannan ka manna masa firam na katako a gaba, faɗinsa kamar santimita 4, ƙyauren ya rataya a jikin firam ɗin. Akwai kuma marar firam, na Turai, inda akwatin kaɗai ke ɗaukar komai, ana jera ramuka a bangonsa da tazarar milimita 32, hinjin kuma mai kofi ne da ake huda wa ramin milimita 35 a bayan ƙyaure.

Marar firam ya fi ba da fili, wannan ba gardama. A kabad mai faɗin santimita 60, bakinsa yana kai 56 da ɗoriya, mai firam kuwa 52 zai bar maka. Uwargida mai manyan tukwane za ta ga bambancin. Amma an tsara shi ne don masana'anta mai injin yanka da ba ya kuskure. Da zarton hannu, milimita 2 kacal in suka kauce, akwatin ya karkace, ƙyaure biyu su ƙi haɗa baki, kuma babu abin da zai rufa maka asiri. Ga gefen filawud a buɗe, dole ka bi shi da tef ɗin gefe, wanda zafin watan Afrilu na Damagaram kan ɗaga in gam ɗin ba mai kyau ba ne. Firam yana ɗaure akwatin, yana ɓoye gefen, kuma in bangon ɗakin bai miƙe ba sai ka ɗan feƙe firam ɗin ya zauna daidai. Tsofaffin gidajen unguwannin Birni da Zango kam, sai ka yi da gaske kafin ka sami bango mai tsayuwar sikwaya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne ƙyaure. Wanda ke shiga cikin firam ya daidaita da fuskarsa ya fi kyan gani, na yarda, amma katako yana motsi ta faɗinsa. Ka yi shi da hunturu, damina ta zo ya kumbura ya cije. Ka yi shi a watan Agusta, iskar Janairu ta busar da shi, tazara ta buɗe, ƙura ta shiga ta kwanta a kan kwanuka. Don haka na zaɓi wanda ke hawa kan firam ya rufe bakin, da ɗorin kamar santimita 1 a kowane gefe. Maigidanmu ma da na nuna masa zanen cewa ya yi, "Ai wannan shi ne na garinmu."

Ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba zan sa katako ya taɓa ƙasa ba. Magini zai ɗaga dakali na siminti santimita 10, saboda gara da ruwan da ke zuba, ni kuma in kafa firam da ƙyaure a kai. MDF kuwa, wato allon garin katako da aka matse da gam, ban ko duba shi ba don wannan gefen, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa.

Firam ɗin da jan katako zan yi shi, farin yana da laushi, sukuru ba ya daɗewa a jikinsa. Na jingine jan katakon a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin falankan don iska ta ratsa. Mako mai zuwa zan fara da akwatin tukunyar gas, wanda zan huda wa ramukan shan iska ta ƙasa.