Secretariat da 'ya'yansa mata

Duk wanda ya ce Secretariat, shahararren dokin tseren Amurka, bai yi abin kirki ba wajen barbara, ni dai ban yarda da shi ba, kuma zan faɗi dalili.

Tseren da ya yi ba mai musu a kai. Jan doki ne, mai farin goshi da fararen ƙafafu uku, an haife shi a watan Maris na 1970 a Virginia, ƙasar Amurka. A 1973 ya lashe manyan gasannin tseren dawaki uku na Amurka, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, abin da aka shekara 25 ba a gani ba. A Kentucky Derby ya gama ƙasa da minti biyu, kuma maimakon ya gaji, gudunsa ƙaruwa ya yi ta yi har ƙarshe. A Belmont kuwa ya bar na biyu da tazarar tsawon doki 31, cikin minti 2 da daƙiƙa 24. Ina yawan kallon bidiyon nan: mahayinsa Ron Turcotte ya waiwaya, babu kowa a bayansa. Har yau ba a karya wannan lokacin ba.

Tsere 21 ya yi, ya ci 16, sannan aka kai shi gonar Claiborne a Kentucky don barbara, bayan an sayar da hannun jarinsa kan dala miliyan 6.08. Masu kuɗin sun zuba ido su ga wani ingarma kamarsa. Bai haifi kamarsa ba, shi ke nan aka fara guna-guni. Amma fa ya haifi Risen Star, wanda ya ci Preakness da Belmont a 1988, da Lady's Secret, goɗiyar da aka zaɓa dokin shekara a 1986.

Inda jinin ya bi sosai shi ne ta wajen goɗiyoyi. Cikin 'ya'yansa mata, Terlingua ita ta haifi Storm Cat, Weekend Surprise ta haifi A.P. Indy, Secrettame kuma ta haifi Gone West, dukkansu shahararrun ingarmun barbara. Duk mai bin asalin dawakin tsere a yau sai ya ci karo da waɗannan sunaye. Masu kiwo sun daɗe suna ƙirga ingarmu kawai, suna mance uwa, kuma wannan ne ke ba ni haushi.

Ciwon kofato ya kama Secretariat, aka kashe shi don a hutar da shi ranar 4 ga Oktoba 1989, yana shekara 19. Likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta nauyin zuciyarsa ya kai kilo 10, fiye da ninki biyu na zuciyar doki.