Talata, a sito da Ingilishi a baki

Yau ciniki ya yi sanyi, don haka bayan azahar Malam ya biyo ta sitonmu na aya muka zauna kan buhuna muka yi darasi. A Zariya ta Najeriya ya yi karatu, Ingilishinsa na zuba yake. Ni kuwa na lakwal ne, wanda aka ba mu sama-sama a kolej, Faransanci ya danne shi.

Kawu ne ya matsa in koya. Tun da aka sake buɗe iyakarmu ta Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024 baƙi suka dawo ta garin Ɗan Isa da ke bakin iyaka. 'Yan Katsina da Kano ba matsala, Hausa ta gama mana. Amma mutumin Legas ko na Gana, ko ɗan Indiya mai neman riɗi, sai an nemo tafinta, shi ma da ladarsa, kuma ba ka san abin da ya rage a hanya ba. Ga shi dokar da aka fitar a 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, Hausa kuma ta zama harshen ƙasa.

Malam ya ajiye waya ya kunna agogo, ya ce shi ne baƙon, in gabatar da kaina cikin rabin minti: sunana, gidan da nake wa aiki, kayan da muke sayarwa, yawan da za mu iya haɗawa a wata, sannan in tambaye shi abin da yake nema. Ke nan. Wai idan na tsaya tambayar gida da iyali da gajiyar hanya, mutumin ya duba agogo ya wuce. Kawu na gefe yana jan carbi, ya ce, "Malam, wanda bai tambayi lafiyar gidana ba, ta yaya zan ba shi kaya bashi?" Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa. Mun daidaita a kan gaisuwa guda gajera, sai a shiga magana.

Inda aka sha wuya shi ne kuɗi da awo. Mu da dala muke ƙirga, jaka guda dala ɗari biyu ce, wato sefa 1,000. Kafin in faɗi farashi sai na ninka da biyar a kai, in mayar da shi Ingilishi, shi kuma baƙon ya juya shi zuwa naira ko dalar Amurka. Haka awo: tiya da buhu muka sani, shi kilo da tan yake tambaya. Malam ya sa na rubuta lambobin da muka fi amfani da su a bayan wani kwali, na yi ta maimaita su da ƙarfi har 'yan dako suka fara kwaikwayona suna dariya.

Ya kuma ce in riƙa faɗin abu ɗaya da zai sa a tuna da mu, misali cewa jihar Maradi ce cibiyar noman aya a Nijar, kuma ayar ƙasar nan har Sifen take kaiwa, inda suke yin abin sha da ita. Wannan ya yi wa Kawu daɗi, ya ce a sa shi a gaba.

Da dare na ɗauki muryata na tura wa Malam ta WhatsApp. Ya amsa cewa ina sauri kamar ana kora ta, in sake gobe kafin motar Gazawa ta iso da kaya.